Taya, ɗaga mota ko farantin ƙasa: ina mai RAV4 Hybrid zai fara zuba kuɗinsa saboda taɓon damina?

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 mutanenmu da dama suka karkata ga mota mai haɗa inji da batir, haibirid ɗin nan, kuma cikin manyan waɗanda ka fi cin karo da su a titi akwai RAV4 Hybrid da Highlander Hybrid, sai Lexus RX 450h ga wanda aljihunsa ya ɗan yi nauyi. A cikin gari kam ba a magana, ko gosulo ka shiga bata sha maka mai kamar sauran. Amma fa mu mutane ne masu ƙauye, ga gona ga ɗaurin aure ga gaisuwar rasuwa, kuma ba wanda zai ɗaga maka jana'iza sai hanya ta bushe. Da Agusta ta kankama sai kaga mutum da motarsa mai tsada ya kafe a ɗan taɓon da tsohuwar Hilux ta ratsa ta wuce abinta, yana dawowa gari shawara ta yi masa yawa, wannan yace sa manyan tayoyi, wancan yace kai a ɗaga maka ita, wani yace a yi mata waldar ƙarfe a ƙasa. Duka kuɗi ne kuma ba ƙananan kuɗi ba, wani ma a cikinsu ɓata maka motar zai yi, shi yasa gara a auna su tun kafin a taɓa aljihu.

Kafin komai sai ka san irin motar da kake riƙe da ita, don rubutun AWD, wato ja da ƙafa huɗu, da ke manne a bayanta ba ɗaya yake da na Prado ko Hilux ba. A haibirid ɗin Toyota da Lexus irin waɗannan babu farfelar da ta taso daga giya zuwa tayoyin baya, leƙa ƙasan motar da kanka, ba za ka ga wannan dogon ƙarfen ba. Abin da ke juya tayoyin baya wani ɗan injin lantarki ne daban da aka dasa a tsakaninsu, yana shan wuta daga babban batir, kwamfuta ce ke ce masa kama ko saki. A RAV4 Hybrid ta 2019 zuwa 2025 ƙarfinsa doki 54 ne, a motar da ƙarfinta gaba ɗaya doki 219 ne. Kaga kenan aikinsa taimako ne wajen tashi da wajen santsi, ba an yi shi bane don ya yi ta gurza cikin laka ba hutawa, in ya ɗau zafi kwamfutar rage ƙarfi take yi don kar wani abu ya ƙone. Sannan babu giyar ogzilari, wato ƙaramar giyar ƙarfi ta fita daga laka, babu makullin aksul da ke sa tayoyi biyu su juya tare, ribas ma ba inji ke yinsa ba lantarki ne zalla. Wasu kamfanonin ba haka suka yi ba, Honda CR-V Hybrid da Ford Escape Hybrid da Hyundai Tucson Hybrid masu ja da ƙafa huɗu duk suna da farfela ta gaske zuwa baya, amma su ma ba ogzilari. Wani abin kuma da mutane basa dubawa ranar saye, ba kowace haibirid ke ja da ƙafa huɗu ba. RAV4 Hybrid ta 2019 zuwa 2025 da ta fito daga Amurka duk tana da injin baya, amma ta Turai akwai wadda gaba kaɗai ke ja, haka Highlander Hybrid ta 2020 zuwa sama da wasu RX 450h. In taka gaba kaɗai ce to rabin wannan maganar ma bata shafe ka ba, taya mai kyau da taka-tsantsan ne iyakarka.

Ita ma lakar ba iri ɗaya bace, kuma wannan shi zai faɗa maka abin da za ka saya. Akwai jar ƙasar nan ta hanyoyin burji da in ruwa ya taɓa ta sama-sama take zama santsi amma ƙasanta da tauri, nan matsalarka riƙo ne kawai. Akwai hanyar da manyan motoci da taraktoci suka riga suka yi wa rami biyu suka bar tudu a tsakiya, nan tayarka na iya samun riƙo amma cikin motar ya zauna a kan tudun, tayoyi su yi ta juyawa a iska. Sai kuma baƙar lakar fadama, da babbarta irin ta yankin Dikwa da Gamboru Ngala ko wajen Numan, wadda ke kama taya ta naɗe ta gaba ɗaya, ita wannan ko Land Cruiser tana jin jiki a cikinta balle RAV4. Zauna ka tuna wurin da ka fi shan wuya, santsi ne ke kayar da kai ko zama kake yi a kan ciki.

To mu fara da taya tunda ita ce kaɗai abin da ke taɓa ƙasa, kuma ni a ganina nan ne naira ɗayarka tafi yin aiki. Tayar da motar ta zo da ita ta kwalta ce, an yi ta don shiru da rage shan mai, zanenta ƙanana ne a matse. Ka tsaya ka kalle ta bayan ta shiga yumɓu taku biyar, za ka ga lakar ta cike duk zanen ta shafe shi sumul kamar bayan tulu, daga nan ko injin baya ya yi iya yinsa ba abin da zai kama, ƙarfin banza ne. Duk wata dabarar kwamfuta da ke cikin motar tana dogara ne da a ce aƙalla taya ɗaya ko biyu sun riƙe ƙasa.

Zaɓi uku ne a gabanka in za ka canja. Na farko tayar ko'ina mai sauƙi, wadda ake rubuta wa A/T amma an yi ta don irin waɗannan motocin, misali Falken Wildpeak A/T Trail ko Yokohama Geolandar A/T G015. Haƙoranta sun fi na tayar kwalta girma da tazara, gefenta ya fi ƙwari, nauyinta kuma bai yi nisa da wadda ka cire ba, ƙara kaɗan ce a titi, shan mai zai ɗan ƙaru amma ba wanda zai sa ka yi nadamar sayen haibirid ba. A jar ƙasa mai santsi da taɓon da bai wuce idon sawu ba bambancin a bayyane yake tun ranar farko. Na biyu A/T mai nauyi irin BFGoodrich KO2, musamman masu alamar LT a gaban lambar, su an yi su ne don fikof da motocin ɗaukar kaya, gefensu kauri ne da shi sosai, ƙaya da kututture da tsinin dutse basa huda su da wuri, amma kowace ɗaya tafi tayarka nauyi da kilo da dama, motar zata yi tauri a kan gargada, tashi zai yi nauyi, mai zai ƙaru yadda za ka gani a aljihu, kuma shokozobar RAV4 ba don wannan nauyin aka yi ta ba. Wanda hanyarsa duwatsu ne da kututturan gona, yana yawan zuwa wajen mai faci, shi zan iya ce wa ya duba wannan. Na uku tayar laka zalla, M/T, irin BFGoodrich KM3, mai manyan haƙora da wawakeken fili a tsakani. Gaskiya ne a cikin laka ba wadda ta kama ƙafarta, amma ka san yadda take aiki? Sai tana juyawa da ƙarfi take watsar da lakar da ta cika ta, ita kuma haibirid kwamfutarta bata son taya ta yi ta wulwulawa, da ta ji haka take yanke ƙarfi don ta kare injinan lantarki. Ka sayi tayar da ke buƙatar abin da motarka bata son bayarwa kenan. Ga kuka a titi tun daga Kano har Abuja, ga birki baya kamawa da kyau a jiƙaƙƙiyar kwalta, ga saurin cinyewa, ga shan mai, sannan samun daidai lambar RAV4 ma aiki ne. In kashi tara cikin goma na tafiyarka a kwalta ne, don Allah bar wa masu Hilux ita.

Abin da ya ƙara min ƙarfin gwiwa a kan zaɓi na farko shi ne abin da Toyota da kanta ta yi. Da ta fitar da RAV4 Hybrid Woodland Edition ta 2023 don masu shiga daji, tayar Falken Wildpeak A/T ta sa mata ta kuma gyara sifirin da shokozoba, bata ƙara mata tsayi ba, bata sa mata tayar laka ba. Waɗanda suka ƙera motar sun san iyakar abin da injin bayan nan zai iya ɗauka.

Maganar girman wili ma tana da muhimmanci kuma ba a cika yinta ba. RAV4 Hybrid ta 2019 zuwa 2025 tana zuwa da taya mai lamba 225/65R17 ko 225/60R18, lambar farko faɗin taya ce a milimita, ta ƙarshe kuma girman wili a inci, Highlander kuwa har wili 20 ake samu. Mu kuma muna son babban wili saboda kyau, amma a laka ƙaramin wili mai taya mai tsayin gefe shi ne abokin tafiya, don shi zai baka damar rage iska ba tare da ka lanƙwasa wili a rami ba. In kana kan 19 ko 20 kuma da gaske kake shiga ƙauye, leƙa Ƙofar Ruwa ko Panteka ko Apo ka nemi wili 17 ko 18 da ya dace da motarka, a gwada a tabbatar baya gogar birki, tayar 17 ma tafi araha kuma tafi samuwa. Su kuma masu cewa ka ƙara girman taya don mota ta ɗaga, yi lissafin da kanka. Tayar 225/65R17 tsayinta milimita 724 ne, ta 245/65R17 kuma 750, bambanci 26, rabinsa ne kawai ke ɗaga motar, wato milimita 13, kaurin yatsa kenan. A kan wannan ɗan abin za ka ɗauki ƙarin nauyi, agogon gudu ya riƙa nuna ƙasa da gudun da kake yi, wataƙila kuma ta riƙa gogar ciki in ka murɗa sitiyari har ƙarshe, balle in laka ta taru a wurin. Faffaɗar taya ma ba kullum take taimako ba, a santsin da ƙasansa ke da tauri siririya tafi yankawa ta tarar da ƙasa mai ƙarfi. Zauna a kan lambarka ko ka hau mataki ɗaya zuwa 235, ya isa.

Kuma in za ka canja, canja huɗun gaba ɗaya iri ɗaya, kar ka sa A/T a gaba ka bar na kwalta a baya, a kwana mai santsi bayan ne zai wulla ka. Duba lambobi huɗun nan na ƙarshe bayan rubutun DOT a gefen taya, biyun farko mako ne biyun ƙarshe shekara, 2322 na nufin mako na 23 a 2022. Tayoyin Beljiyam na A/T suna da jan hankali saboda haƙoransu na nan kamar sabbi, amma robar da ta tsufa ta bushe bata riƙe jiƙaƙƙiyar ƙasa, zafin kwaltarmu kuma baya mata afuwa, hukumar kiyaye haɗurra ma shekara huɗu take cewa. Leƙa safayarka kuma, da yawa 'yar siririyar nan ce ta wucin gadi, wadda ba abin da zata yi maka a tsakiyar fadama.

Abu na biyu mafi amfani shi ne mafi araha a cikinsu duka, famfon iska na lantarki da geji. A jikin ƙofar direba akwai takardar da ke faɗin iskar da ya kamata, yawanci tsakanin 32 da 36 a ma'aunin PSI na geji, masu faci kuma in baka tsaya a kansu ba sai su ɗura maka 45 ko 50, taya ta zama dutse. Da ka iso bakin hanyar laka ka sauke iskar zuwa wajen 22 ko 25, tayar zata baje ta yi tsawo a ƙasa, haƙora da yawa su kama, robar tana lanƙwasawa tana tofar da lakar da ta maƙale. Kar ka sauka ƙasa da 18 ko 20 don taya na iya saɓulewa daga wili a kwana, kuma kar ka yi gudu a haka. Fitilar gargaɗin iska zata kama a dashbod, ba komai. Da ka hau kwalta ka tsaya ka mayar, nan ne amfanin famfon, don tafiya da gudu a kan taya mai ƙarancin iska ita ke kawo fashewa. Ka bar motar a kunne, alamar READY na haske, lokacin da famfon ke aiki, saboda ƙaramin batirin haibirid bashi da girma, nan da nan yake sauka.

Sai ɗaga mota, abin da matasa suka fi so saboda yadda take fitowa a ido. RAV4 Hybrid ta 2019 zuwa 2025 tsayin cikinta daga ƙasa inci 8.1 ne, wajen santimita 20 da rabi, ta 2016 zuwa 2018 wajen inci 7, Highlander Hybrid ta 2020 kuma inci 8. Ana sa wani zobe a saman shokozoba ko a canja sifirin a ƙara inci ɗaya da rabi zuwa biyu. Ga wanda matsalarsa tudun tsakiyar hanya ne, wannan na taimako da gaske, bambar gaba ma zata rage cin ƙasa a gangaren kwalbati. Amma bata ƙara maka riƙo ko kaɗan, in santsi ne ke kayar da kai ɗagawa bata san da zamanka ba. Sannan tana zuwa da kayanta, shaf ɗin da ke juya taya zai koma aiki a karkace, robarsa ta riƙa yagewa da wuri, laka ta shiga ta cinye shi, dole a sake alaimen kuma wani lokacin baya dawowa daidai sai an ƙara wasu ƙarafa, taya ta riƙa cin gefe, mota ta ƙara rangaji a kwana. Masu 2019 zuwa sama akwai kyamara a gilashin gaba da na'urar hango mota a bayan tambarin Toyota, an saita su ne a kan asalin tsayin motar, in ka canja sai an sake saitawa. A baya kuma ga wayar babban batir mai ruwan goro da ke shiga injin lantarki, wasu kayan ɗagawar sai an sassauto da ƙarfen da injin ke zaune a kai, bakaniken da bai san haibirid ba yana iya ja mata ko ya bar ta tana goga. Abin da nake roƙon mutane su guje wa shi ne ɗagawar gida, a yanko roba ko ƙarfe a cusa cikin sifirin, wlh ranka ya fi wannan tsada. In dole sai ka ɗaga, kaya na gaske da aka yi don motar, kar ya wuce inci ɗaya da rabi, kuma bayan ka riga ka canja taya ka ga har yanzu cikin ne ke zama. Wani lokacin ma tsohuwar shokozoba da sifirin da suka gaji ne suka sa motar ta zauna, sabbi kawai za ka sa ta dawo tsayinta.

Farantin ƙasa, wato ƙarfen da ake ɗaurawa a ƙarƙashin injin don kariya, shi baya hana ka kafewa, asara yake hanawa. Abin da ke rufe ƙasan injin daga kamfani roba ce, damina ɗaya a hanyar ƙauye ta isa ta yage ta ta riƙa ja a ƙasa, daga nan kaskon baƙin mai da akwatin giya suna fili, kuma a cikin akwatin giyar nan injinan lantarki na gaba suke, dutse ɗaya da ya ɓuya cikin taɓo zai iya jawo maka kuɗin da ya ninka na tayoyi huɗu. Na alminiyam yafi sauƙin nauyi kuma baya tsatsa amma tsada, na ƙarfe yafi araha da juriya amma nauyi. Mai walda na gida zai iya yi maka mai kyau in ka tsaya a kansa, da noti za a ɗaure a ramukan da ke jikin motar, kar a kunna walda a jikin haibirid ko a huda inda ba a san me ke baya ba, a bar ramin juye baƙin mai, a bar ƙofofin da iska zata shiga laka ta fita, kar ya matse salansa. In ba a bar mafita ba laka da ciyawa za su taru a kai su bushe kusa da zafi, wannan kuma hanyar gobara ce. Ka sani kuma zai ɗan rage maka tsayi kaɗan.

A tsakanin nan akwai kayan ceto da ya kamata su zauna a but duk damina, shebur, faranti biyu na roba masu haƙora da ake turawa ƙarƙashin taya ko katako mai kauri in basu samu ba, wani faffaɗan katako da jak zai zauna a kai, da igiyar ja mai faɗi ta gaske. Sarƙa da wayar ƙarfe in suka tsinke kisa suke yi. Nemo ƙugiyar ja ta motarka tun a gida ka san inda ake ɗaura ta, kar ka bari sai a cikin taɓo yaran gari su ɗaura igiya a hannun taya ko kusa da injin baya, kuma a ja a hankali, ƙugiyar nan ba a yi ta don fizga ba. Jan 'yan taku don a fito da kai ba laifi, amma ɗaure haibirid a ja ta kilomita da yawa tayoyinta na juyawa a ƙasa yana iya lalata kayan lantarkinta, in ta mutu sai dai a ɗora ta a kan mota. Winci kuwa, wato injin igiyar da ake ɗaurawa a gaban mota don ta ja kanta ta fito, ban ga dalilinsa a wannan motar ba, ba wurin ɗaura shi mai ƙarfi sai an canja bamba, ƙaramin batirin kuma ba nasa bane.

Akwai kuma abin da ka riga ka biya kuɗinsa yana cikin motar amma baka taɓa shi ba. RAV4 Hybrid daga 2019 da Highlander Hybrid daga 2020 masu ja da ƙafa huɗu suna da maɓallin TRAIL kusa da giya, in ka danna shi motar na kama wa tayar da ke juyawa a banza birki don ƙarfi ya koma wa wadda ta riƙe ƙasa, danna shi tun kafin ka shiga. In ka riga ka kafe kuma kana taka totur motar ta yi shiru ta ƙi motsi, akwai maɓalli mai hoton mota da layi biyu a karkace, danna shi sau ɗaya ya kashe TRAC, na'urar da ke hana taya wulwulawa, don tayoyi su samu su ɗan juya, littafin motar ma haka yace, sai dai wasu tsofaffin basu da shi. Ka shiga da ɗan gudu daidai, ƙafa a tsaye a kan totur ba fizga ba, in ta fara nauyi ka riƙa kaɗa sitiyari hagu da dama kaɗan-kaɗan don gefen haƙora ya samu sabon wuri. In ta tsaya cak ɗaga ƙafarka, ci gaba da takawa rami kawai kake haƙa wa kanka kana dafa injin baya. Kuma kar ka bar ta a N kana jiran masu turi, a N batir baya caji, sa ta a P.

Inda duk waɗannan gyare-gyaren suke ƙarewa shi ne ruwa. Babban batirin yana ƙarƙashin kujerar baya, iska ce ke sanyaya shi ta wata 'yar taga a gindin kujerar, ruwan da ya kai ya shigo ta ƙofa ya jiƙa kafet ya kai inda bai kamata ba, kuma kuɗin batirin nan kowa ya sani. Ba taya ba ɗagawa da zata canja wannan. In ka zo mashigin ƙorama ka sauka ka duba ko ka jira wani ya wuce ka gani, in ya haura tsakiyar wili ko yana gudu, haƙura ka jira ya janye. 'Yar tagar ma ka riƙa dubawa, ƙurar rani da buhun da aka jingina a kai suna toshe ta. Bayan kowace tafiya a wanke ƙasan motar kafin lakar ta bushe, cikin wili musamman don busasshiyar laka ke sa sitiyari rawa a kan gudu, da gaban lagireto, amma ka gaya wa yaron wanki kar ya saita bakin injin feshinsa a kan mahaɗar wayoyin ruwan goro. Masu RAV4 Hybrid ta 2019 zuwa 2021 su sa a duba musu inda wayar ke shiga injin baya, an sha samun tsatsa a wurin a Kanada da arewacin Amurka saboda gishirin da suke zubawa a titi lokacin ƙanƙara, kuma da yawan motocinmu daga can suke zuwa, jiƙaƙƙiyar laka in ta zauna a kan wurin da ya riga ya fara ci ƙara masa take yi.

To in kai mai zuwa gida ne lokaci-lokaci, kwalta ce mafi yawan hanyarka sai 'yan kilomitocin ƙarshe, sayi A/T mai sauƙi huɗu da famfo da shebur ka tsaya nan, sauran kuɗin ka riƙe abinka. In kana zuwa gona duk mako, ƙara farantin ƙasa da kayan ceto cikakku, ka sauko wili 17 in kana kan babba, ka yi damina ɗaya a haka kafin ka yi maganar ɗagawa. In kuwa aikinka ne shiga fadama da taki da fitowa da buhuna, ko hanyarku irin wadda tarakta ke jan motoci ce, Alhaji kar ka zuba kuɗi a kan RAV4 kana son ta zama abin da ba ita ba, haɗa kuɗin ɗagawa da na tayar laka da na gyaran da za su jawo ka nemi tsohuwar Hilux ko Prado mai ogzilari ko da ta haɗin gwiwa ce da ɗan'uwanka, haibirid ɗin ta ci gaba da yi maka zirga-zirgar gari da doguwar tafiya a kwalta. Mai Highlander da RX 450h kuma ya ƙara rage buri a kan na mai RAV4, don sun fi ta nauyi da tsawo, bambarsu ta fi fitowa, sun fi saurin zama a kan ciki, in suka kafe kuma turinsu sai an tara mutane da yawa.